Me ya sa ake ce wa wannan fure wuta-wuta, alhali ko ja ba shi da shi?

Maman Hafsa, Gadarif:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya da ta tsaya mini a rai tun ranar Juma'a, ina roƙon manya da masu ilimin harshe su warware mini.

Ni ba 'yar gona ba ce. A Umdurman aka haife ni, a can na girma, a can aka yi mini aure, sai da yaƙin 2023 ya taso mu muka dawo gidan su maigidana a nan Gadarif. Iyakar sanina da dawa shi ne garin da nake kwaɓa kisira da shi. To ranar Juma'a bayan la'asar ƙanin maigidan ya ɗauke mu ni da yara zuwa gonar gida, don su sha iska. Muna sauka daga mota na hangi wani gefe na gonar ya yi ruwan hoda gaba ɗaya. Wasu tsirrai ne sirara a miƙe tsakanin layukan dawa, tsawonsu ya kai gwiwata ko ya ɗan wuce, ganyensu siriri mai kaushi, furanni kuma sun jeru a saman karan, na ƙasa sun buɗe na sama ba su buɗe ba tukuna. Wallahi tun da muka bar gidanmu ban ga abin da ya sanyaya mini ido kamarsu ba. Har hoto na ɗauka. Na lura ƙanin maigidan ya ɓata fuska, amma na ɗauka gajiya ce.

'Yata Hafsa, shekararta 7, ta tsinko cike da hannu biyu ta ce za ta kai wa kakarta. Duk hanya tana riƙe da su a cinya kamar jariri. Muka tarar da Hajiya a tsakar gida tana tsince riɗi a faifai. Ta karɓi furannin, ta dube su, ba ta ce uffan ba, ta miƙe ta cusa su a murhu. Yarinya ta fashe da kuka. Abin da Hajiya ta faɗa kawai shi ne: "Wuta-wuta ce. Ba a shigo da ita gida."

Kun san tsakanin mace da surukarta akwai kunya, ban iya tsayar da ita na tambaye ta dalili ba. Maƙwabciyata Balarabiya da na nuna wa hoton ta ce su buda suke kiranta, ita ma ta yi tsaki. To tambayata: ina wutar take? Furen nan ba ja ba ne, ba ya ƙona hannu, ba ya ƙaiƙayi, na taɓa shi da kaina. Wa ya raɗa masa wannan suna, kuma a nan Sudan aka raɗa ko daga ƙasar Hausa kakanni suka zo da shi? Sannan hana shigo da shi gida, camfi ne ko akwai hujja? Ina so in iya yi wa Hafsa bayanin da zai shiga kanta, don har yau ba ta sake wa kakarta fuska ba, abin kuma yana damuna.

Baba Mai Dawa, Mai Wurno:

Wa alaikumus salam 'yata. Jikana ke rubuta mini, ni ke faɗa.

Kin duba furen, ba ki duba dawar da ke tsaye kusa da shi ba. Koma ki buɗe hoton nan da kika ɗauka. Za ki ga dawar wannan gefen ta tsumbure, ba ta kai ƙugun mutum ba alhali 'yan'uwanta na can sun fi ƙarfin kai. Ganyenta ya yi rawaya, ya nannaɗe, bakinsa ya bushe ya yi launin toka, kamar an bi ta gefensa da bakin wuta. Ruwa na sauka, ƙasa a jiƙe sharkaf, amma dawa na tsaye tana ƙonewa kamar a tsakiyar bazara. Wutar ke nan. Ba a jikin furen take ba, a jikin hatsin take.

Kuma abin da ya fi ciwo, kafin ki ga furen nan aikin gama ya gama. Ita daga ƙarƙashin ƙasa take farawa. In kin sa hauya kika tono gindin dawar a hankali, za ki tarar da ita manne da saiwar, fara sol, ba ganye ba komai, tana tsotsa kamar kaska a kunnen saniya. Ta fi wata guda a haka kafin ta leƙo sama. Shi ya sa mu manoma ganin furen nan ba ya faranta mana rai. Ƙanin mijinki ba gajiya ta ɓata masa fuska ba, lissafin buhunan da ba zai ɗauka ba yake yi.

Na taɓa barin faddan 5, wato wajen eka 5, gaba ɗaya saboda ita. Gonar mahaifina ce, ya nome ta dawa bayan dawa shekara da shekaru ba hutu ba taki, har ta gaji. Wuta-wuta kuwa gonar da ta gaji take bi. Inda shanu suka kwana suka zuba kashi ba ta cika yin ƙarfi ba. Shekarar da na haƙura na bar ta, zangarniyar da na yanka a wurin ba ta cika dami goma ba.

Batun suna kuwa, da shi muka zo. Mutanen garin nan iyayen kakanninsu sun taso ne bayan yaƙin Burmi a 1903, da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka biyo ɗansa Mai Wurno har suka sauka a nan bakin kogin Shuɗin Nilu. Wasu kuma hanyar hajji ce ta ajiye su. Sun zo da irin shukarsu, sun zo da sunayen ciyayinsu. Suka tarar da ita a nan tana jiransu, suka gane ta, suka kira ta da sunan da suka san ta da shi. Kakata ba ta ma cika cewa wuta-wuta ba, ƙuduji take cewa, in ranta ya ɓaci kuma ta ce makasar dawa.

Hajiyarki ta yi daidai. Amma ki gaya wa jikata Baba ya ce ba ita aka ƙi ba.

Malam Na Misfala, Makka:

Baba ya gama magana a kan wutar, ni zan ɗan ƙara a kan maimaicin, don a nan ne amsar Maman Hafsa ta cika.

Bahaushe in ya ninka suna irin haka, yana nufin abu mai kama da wancan amma bai zama shi ba. Kunu ya yi ruwa-ruwa, ba ruwa ba ne. Miya ta yi gishiri-gishiri. Ina jin barci-barci, ina jin zazzaɓi-zazzaɓi. Riga fara-fara ba ta kai fara ba. To haka wuta-wuta: tana aikin wuta, ta bar alamar wuta, amma ba hayaƙi ba harshe. Da cewa aka yi wuta kawai, da an yi ƙarya. Wanda ya ninka kalmar ya san abin da yake faɗa.

'Yar'uwa, kin nemi dalilin sunan a launin furen ne don kin ɗauka sunan fure daga kamanninsa yake fitowa. Wani lokaci haka ne, kamar nonon kurciya da aka kira da farin ruwan da ke fita in an tsinke ta. Amma sunayen wannan duk daga aikinta aka ciro su. Makasar dawa, ai kin ji kisa a ciki. Wasu na cewa dodon dawa. Ba ko ɗaya da ya kula da kyanta.

Shaidar cewa sunan ya girmi zamanmu a Sudan da Hijaz kuwa mai sauƙi ce. Nan Makka nakan zauna da alhazai daga Kano da Katsina da Maraɗi duk shekara. Ki ambaci wuta-wuta ko ƙuduji gaban manomi a cikinsu, ba zai tambaye ki mece ce ba, sai dai ya fara ba ki labarin gonarsa. Da a nan aka ƙirƙiro sunan, da ba su san shi ba. Haka muke riƙe da tafasa alhali maƙwabta na cewa kawal, muke riƙe da ƙarangiya suna cewa haskanit.

Abu Usman, Riyad:

Assalamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara lafiya. Malam, Allah ya saka. Aikin gona na karanta a Wad Madani kuma na yi shekaru ina bin gonakin Jazira kafin yaƙi ya kawo ni nan, don haka wannan tambaya ta taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ku yi mini haƙuri in na tsawaita.

Da farko batun camfi. Ba camfi ba ne ko kaɗan, Maman Hafsa. Irin wannan tsiro ƙanana ne kamar ƙura, in aka zuba miki a tafin hannu za ki ɗauka garin barkono ne. Tsiro ɗaya yana iya zubar da iri 50,000 ko fiye, kuma irin yana kwanciya a ƙasa shekara 10 ko sama da haka bai mutu ba. Furannin da Hafsa ta tsinko, na ƙasa-ƙasa wataƙila sun riga sun ɗaure 'ya'ya, kuma ko an cire tsiron 'ya'yan na iya ƙarasa nuna. Da an jefar da su a bola, bolar ta koma taki, takin ya koma gona. Da akuya ta ci, ta kai shi wani wuri a kashinta. Abin da muke koya wa manoma da allo da alli shi ne a cire ta kafin ta zubar da iri, a tara, a ƙone. Hajiya ta yi shi cikin minti ɗaya ba tare da ta shiga aji ba.

Yadda take gano dawa kuwa abin mamaki ne. Irin ba ya tsirowa don ruwa ya sauka kawai. Sai ya sha danshi da ɗumi na kwanaki, sannan ya jira wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa cikin ƙasa. Da ya ji shi sai ya tsiro, kuma dole ya kama saiwa cikin 'yan kwanaki ko ya mutu, don guzurin da ke cikinsa kaɗan ne. A 1966 masu bincike a Amurka suka ware wannan sinadari daga saiwar auduga. Auduga tana fitar da shi amma wuta-wuta ba ta iya kama ta, sai irin ya tsiro ya rasa mai goyo ya mutu. Dalilin da ya sa juya shuka ke rage ta ke nan, bana dawa, baɗi auduga ko gyaɗa. Hatsi kuma in yana jin yunwar taki ya fi fitar da sinadarin, wanda ya yi daidai da abin da Baba ya gani a gonar mahaifinsa.

Ga wani abu da ya shafi sunan kai tsaye. Kin ce kin taɓa ta ba ta ƙona hannu. Ai ta ma fi abin da ke kewaye da ita sanyi. Ƙofofin numfashin ganyenta ba sa rufewa yadda na sauran tsirrai ke yi, ruwa na ta fita ta cikinsu dare da rana, kuma da wannan jan take zuƙo ruwa da abinci daga saiwar dawa. Ganyenta na sanyi kamar randa, dawar da ke shayar da ita na ƙonewa. Duk lokacin da na tsaya a gona na kama ganyen nan, sai in ji girman wanda ya fara ce mata wuta-wuta, don bai bi abin da hannunsa ya gaya masa ba.

Sunanta na kimiyya Striga hermonthica, shi ma yana da labari da ya shafi kogin da muke sha. Wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Delile yana cikin malaman da Napoliyon ya tafi da su Masar a 1798. Shi ya fara rubuta bayaninta, aka buga a 1813, ya jingina ta ga Hermonthis, tsohon sunan garin Armant da ke gaɓar Nilu kudu da Luksor. A 1836 Bentham na Ingila ya mayar da ita cikin dangin Striga. Ita kuma kalmar striga a Latin tana ɗaukar ma'ana biyu, layi irin na kunya a gona, da kuma mayya. Turawan Ingila ma ciyawar mayu suke ce mata, saboda shuka na ramewa ba a ga mai cin ta ba. Kun ga su ma ta aikinta suka bi.

Masana da dama na ganin asalinta daga duwatsun Nuba ne da tsaunukan Habasha, yankin da dawa ita kanta ta samo asali, wato tare suka taso tun fil azal. Shi ya sa a dawar wannan yanki ake neman iri mai jure mata. A Sudan an fitar da irin da aka sa wa suna Mukawim Buda, ma'ana mai tsayayya da buda. Gebisa Ejeta ɗan Habasha, wanda ya yi aiki a Sudan har aka fitar da irin dawa mai suna Hajin Dura 1 a 1983, ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 2009, kuma aikinsa a kan dawa mai jure wa wannan ciyawa na cikin dalilan.

Ki lura kuma tana da ƙanwa da ke kama wake, gajera, furenta ƙanana, in ta bushe sai ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Ita ma wuta-wuta manoma ke ce mata.

Ɗan Gallabat:

Ni a kan buda zan ce wani abu. Ina harkar riɗi tsakanin Gallabat da Matamma, kuma a bakin Habashawa buda shi ne mai kambun baka, wanda in ya kalli yaro ko dabba sai ta fara ramewa. Tun da na ji Abu Usman ya ambaci mayya sai na ce to ashe. Ni dai a ganina daga can kalmar ta tsallako, tunda iyaka ɗaya ce tsakaninmu kuma ma'anar ta zauna daram.

Malam Na Misfala, Makka:

Ɗan Gallabat, kalmar Habashawan gaskiya ce, haka suke faɗa. Amma a yi hattara, kama da wane ba ta wane. Mu ma muna da buda a Hausa, hazon hunturu, muna da buɗa ta buɗe ƙofa, kuma ba wanda zai ce daga cikinsu aka samo sunan ciyawa. Sannan Habashawan da kansu ba buda suke ce wa wannan tsiro ba, akanchira suke cewa. Ka riƙe shi a matsayin abin da ya yi maka kama, kada ka kai wa yara a matsayin tarihi. Na wuta-wuta ne muke da hujjarsa a hannu, don harshenmu ne kuma gonar na nan kowa na iya zuwa ya gani.

Maman Hafsa, Gadarif:

Baba, na buɗe hoton kamar yadda ka ce. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Dawar na nan a ciki, gajeru, ganye a murɗe, baki a ƙone, kuma ni da na ɗauki hoton ban gan ta ba sam. Na tsaya a gaban abincin gidanmu yana lalacewa ina cewa masha Allah. Na tuna fuskar ƙanin maigidan, na tuna cewa daga wannan gonar ake ciyar da mu mutum 14 tun da muka sauka a gidan nan, mu da wasu dangin da suka gudo daga Madani, ba a taɓa nuna mana an gaji ba.

Jiya da safe na roƙe shi ya sake kai mu. Ya tona gindin wata dawa da hauya, ya ɗaga saiwar, ga su nan fari-fari manne da ita, waɗanda ba su fito ba tukuna, na ƙirga 9 a gindi ɗaya. Na ba Hafsa ta riƙe. Na sa ta taɓa ganyen furen, na sa ta taɓa ganyen dawar, na tambaye ta wanne ne ke jin ƙishirwa. Ta nuna dawar. Na ce to wannan ce ke shanye mata ruwa ta ƙasa, shi ya sa kakanninki suka ce mata wuta-wuta, kuma na isar mata da saƙon Baba. Ba ta ce komai ba, sai ta tambayi baffanta ko za ta iya cire wasu. Mun cika buhu biyu kafin rana ta yi zafi, ya ƙone su a bakin gona.

Da muka dawo ita ta je da kanta ta gaya wa Hajiya adadin da ta cire. Ina daga ɗaki ina jin su. Hajiya ta ce mata a garinsu na asali, wajen Haɗeja, kakarta gaugai take kiranta, sunan da ba wanda ya ambata a nan. Malam, ko ka taɓa jin wannan a bakin alhazanka? Abu Usman kuma, ƙanin maigidan ya ce in tambaye ka: gefen nan da ta cinye, wajen faddan 3 ne, baɗi gyaɗa ta fi ko riɗi, kuma shekara nawa zai yi kafin ya mayar da dawa a wurin?